Wa'adin fasuwod ɗinka ya ƙare: daga ina dokar nan ta fito, kuma tana kare mu kuwa?

Duk wanda ke aiki da imel na ofis ko fotal na makaranta ko manhajar banki ya san saƙon nan. Ka zo shiga da safe kana sauri, ka rubuta fasuwod ɗin da ka saba, sai shafin ya ce maka wai wa'adinsa ya ƙare sai ka saka sabo. Wani lokacin ka saka sabon ya karɓa shikenan a wuce wajen. Wani lokacin kuma nan ne wahalar take farawa, ka saka sabo ya ce ya yi kama da tsohon, ka sake wani ya ce babu alama ko babu babban harafi, da ƙyar ya karɓa, ka dawo shiga ya sake ce maka wa'adi ya ƙare alhalin ko minti biyar ba a yi ba da ka canza, kafin ka ankara an kulle akawun ɗin gaba ɗaya sai ka je neman 'yan ICT ko ka bi layi a banki.

Abu biyu ne a cakuɗe a nan kuma mutane ba sa raba su. Akwai ita kanta dokar da ta ce a canza fasuwod duk bayan kwana kaza, akwai kuma tangarɗar da ake samu wajen aiwatar da ita. Yawancinmu tangarɗar muke tsine wa, ita dokar kuwa mun ɗauka ai don tsaronmu aka yi ta, dole a yi haƙuri. To ni abin da nake so mu gane shi ne ita dokar ce tushen matsalar, kuma manyan hukumomin da a da suke goyon bayanta sun daɗe da janye jiki daga gare ta, mu ne dai har yanzu labari bai gama iso mana ba.

Fasuwod dai ba ya lalacewa da kansa. Abin da ke faruwa a ciki ɗan ƙaramin lissafi ne: sistem yana ajiye ranar da ka canza na ƙarshe, duk sanda ka zo shiga sai ya duba ranar yau ya cire waccan, in kwanakin sun haura adadin da admin ya saita, ko 60 ne ko 90, sai ya tare ka. Shikenan fa. Kuma da yake lissafin ya dogara ne kan kwanan wata guda ɗaya da aka ajiye, duk abin da ya taɓa wannan kwanan watan zai iya jefa dubban mutane waje lokaci ɗaya. Misali in aka kwashe bayanan masu akawun daga tsohuwar saba (babbar kwamfutar da ke riƙe da bayanan) zuwa sabuwa, aka manta ba a kwaso gurbin ranar ba, sai gurbin ya koma sifili. A tsarin Windows na ofisoshi sifili a wannan gurbin yana nufin dole mutum ya canza fasuwod a shigarsa ta gaba, a Linux ma haka. Wasu manhajojin kuma da ke ƙirga lokaci daga 1 ga Janairun 1970 sai su ɗauka tun 1970 rabon ka da canzawa. Kaga ranar Litinin kowa ya zo aiki ya tarar wai wa'adinsa ya ƙare, har wanda ya canza ranar Juma'a.

Akwai kuma matsalar saba fiye da ɗaya. Manyan ma'aikatu ba kwamfuta ɗaya ke riƙe da bayanan shiga ba, in ka canza a wannan sai ta aika wa sauran, in netwok ya samu tsaiko ko aikawar ta tsaya sai ka ga imel ya karɓi sabon fasuwod amma fotal na neman tsohon. Agogo ma na shiga ciki, don a tsarin Windows in agogon kwamfutarka ya saɓa da na saba da fiye da minti biyar za a iya ƙin karɓar ka, kai kuma ka ɗauka fasuwod ne ka manta. Wadda ta fi yawa kuma ta fi ɓata rai ita ce ta tsohuwar na'ura: ka canza a laftof, amma wayarka ko wata tablet da ka bari a gida tana nan tana ta gwada tsohon fasuwod duk bayan 'yan mintuna don ta ɗauko maka imel, sistem kuma yana ƙirga kowane gwaji a matsayin kuskure, yana kaiwa adadi sai ya kulle ka. A buɗe maka, bayan rabin awa ya sake kullewa, kai da admin kuna ta kallon juna ba wanda ya san inda abin yake fitowa. Sai kuma masu aiki daga gida, wanda sai ya shiga netwok ɗin ofis kafin ya iya canza fasuwod, amma ba zai iya shiga netwok ɗin ba saboda fasuwod ɗin ya riga ya ƙare.

Kada a ɗauka mu masu amfani kaɗai abin yake ci. Su ma manhajoji suna da akawun da fasuwod da suke magana da juna da shi, kuma su ba su da idon karanta gargaɗi. Kamfanin Oracle lokacin da ya fitar da rumbun bayanansa na 11g a 2007 ya saita wa'adin kwana 180 a matsayin tsarin da yake zuwa da shi, to mutane da yawa sun girka shi komai na tafiya lafiya, bayan wata shida kawai sai manhajar da ke kansa ta tsaya cak da kuskuren da masu harkar suka sani da ORA-28001, ba kutse ba ne ba komai ba, fasuwod ɗin da manhajar ke shiga da shi ne ya ƙare. MySQL, wani rumbun bayanan da shafukan intanet masu ɗimbin yawa ke zaune a kansa, shi ma ya yi irin wannan: daga bugu na 5.7.4 zuwa 5.7.10 ya zo da wa'adin kwana 360, sai a 5.7.11 a farkon 2016 suka mayar da shi babu wa'adi. Wanda ya girka na baya bai yi afdet ba, bayan kusan shekara shafinsa zai daina haɗuwa da rumbun bayanai rana tsaka. Don haka in ka ji an ce "netwok ne" ko "saba ce ta faɗi", wani lokacin irin wannan ƙaramin abin ne.

To daga ina dokar ta samo asali? Tana da hujja a zamaninta, wannan gaskiya ne. Tun 1985 ma'aikatar tsaron Amurka ta fitar da jagora kan kula da kalmar sirri inda ta ba da shawarar kada fasuwod ya wuce shekara ɗaya ba a canza ba. Tunanin shi ne: sistem mai kyau ba ya ajiye fasuwod ɗinka a rubuce, yana bi da shi ta wani lissafi ne ya fito a hargitse yadda ba a iya juya shi baya, in ɓarawo ya sace wannan hargitsattsen sai dai ya zauna yana cankar kalmomi ɗaya bayan ɗaya har ya dace. Da kwamfutocin wancan lokacin cankar na iya ɗaukar watanni, to in ka canza kafin ya gama ya yi aikin banza. Daga baya Windows ya zo da kwana 42 a matsayin wa'adinsa, kamfanoni da masu binciken ƙa'ida suka zauna a kan kwana 90, abin ya zama al'ada. Wajen 2003 wani ma'aikacin NIST, hukumar Amurka mai tsara ma'auni da ƙa'idojin fasaha, mai suna Bill Burr ya rubuta wani ɓangare na jagorar hukumar kan fasuwod, kuma shi ake yawan dangantawa da salon nan na cakuɗa manyan haruffa da ƙanana da lambobi da alamomi. A 2017, bayan ya yi ritaya, ya gaya wa jaridar Wall Street Journal cewa yana nadamar yawancin abin da ya rubuta.

Abin da ya rushe hujjar abu biyu ne. Na farko kwamfuta ta yi sauri, fasuwod mai rauni yanzu ba wata uku ake ɗauka ana cankarsa ba, mintuna ne ko ƙasa da haka, mai ƙarfi kuma ko an shekara dubu ba a kai gare shi, to kwana 90 bai dace da ko ɗaya ba. Na biyu, wanda ya fi muhimmanci a wajena, shi ne halin ɗan Adam. In ka tilasta wa mutum ya ƙirƙiro sabon sirri sau huɗu a shekara, a wurare biyar ko goma, ba zai ƙirƙiro sabo ba, tsohon zai ɗan taɓa. Kano@2023 ya koma Kano@2024, Amina#1 ta koma Amina#2, ko a saka sunan watan da ake ciki. Kowa ya san haka don kusan kowa ya taɓa yi, kuma ba lalaci ba ne, ƙwaƙwalwa ce ke da iyaka.

An auna abin kuwa. A 2010 wasu masu bincike uku a Jami'ar North Carolina da ke Chapel Hill, Yinqian Zhang da Fabian Monrose da Michael Reiter, sun samu izinin nazarin tsofaffin akawun na ɗalibai da ma'aikatan da suka bar jami'ar, inda doka ta kasance a canza duk wata uku. Sun yi aiki a kan akawun fiye da 7,700, tambayarsu ɗaya ce, in ɓarawo ya san tsohon fasuwod ɗinka yaya sauƙin gano sabon yake? Suka tarar a kaso 17 cikin 100 na akawun ɗin gwajin da bai wuce biyar ba ya isa a gano na gaba, wato tun kafin sistem ya kai ga kulle akawun an riga an shiga. In kuma ɓarawon na da hargitsattsen fasuwod a hannunsa yana gwadawa a kwamfutarsa ba mai tsayar da shi, kaso 41 cikin 100 cikin daƙiƙa uku suke faɗuwa. Wannan fa da kwamfutar wancan lokacin kenan. Ainihin abin da aka kafa dokar dominsa, wato a kori wanda ya saci tsohon fasuwod, shi ne ba ta iya yi da kyau.

Sannan ɓarawon yanzu ba ya jira. Wanda ya samu fasuwod ɗin imel ɗinka yau, yau zai shiga, ya saita a riƙa tura masa kwafin duk saƙon da ya shigo maka, ya canza lambar waya ko imel ɗin da ake dawo da akawun da shi, ya yi risetin sauran akawun ɗinka ta nan. Kai kuma bayan kwana 70 wa'adi ya cika ka canza fasuwod kana ganin ka yi tsaro. Kamar mai shago ne da ke canza kwaɗo duk wata uku alhalin ɓarawon tun daren farko ya shiga ya buɗe wa kansa taga ta baya, sabon kwaɗon bai taɓa tagar ba.

Shi ya sa hukumomin suka fara juyawa ɗaya bayan ɗaya. Hukumar tsaron intanet ta gwamnatin Birtaniya ta fitar da jagora a 2015 tana ba da shawarar a daina tilasta canji na lokaci-lokaci. A 2016 Lorrie Cranor, farfesa a Jami'ar Carnegie Mellon wadda a lokacin ita ce babbar jami'ar fasaha a hukumar FTC ta Amurka mai kare haƙƙin masu sayayya, ta yi rubutu a fili cewa lokaci ya yi da za a sake tunani kan wannan dokar. A Yunin 2017 ita NIST ɗin da kanta ta fitar da sabuwar jagora ta ce kada a nemi mutane su canza fasuwod don kawai lokaci ya zagayo, amma dole a tilasta canji in akwai shaidar an sace shi. A 2019 Microsoft ya cire wa'adin fasuwod daga jerin saitin tsaron da yake ba kamfanoni shawara a kai na Windows 10, hujjarsu mai sauƙi ce: in ba a sace fasuwod ba babu dalilin canza shi, in kuwa an sace me zai sa a jira kwana 42 ko 60, nan take ya kamata a canza. A sabon bugun NIST na 2025 maganar ta tashi daga shawara ta koma hani kai tsaye ga masu bin ƙa'idar, sun hana tilasta canji na lokaci-lokaci, sun hana dokar sai ka cakuɗa alama da lamba, suka koma kan tsawo, inda fasuwod ne kaɗai ke tsare akawun ya kai haruffa 15.

To me ya sa har yanzu muke fama? Wani ɓangaren ƙa'ida ce. Duk mai sarrafa bayanan katin banki yana ƙarƙashin ƙa'idar PCI DSS ta manyan kamfanonin kati irin su Visa da Mastercard, kuma shekara da shekaru ƙa'idar ta ce a canza duk kwana 90. Sai a bugu na 4.0 na 2022 aka sassauta, aka bar sharaɗin kwana 90 ga inda fasuwod ne kaɗai matakin shiga, ko kuma a maye shi da tsarin da ke sa ido kan akawun a kai a kai. Wani ɓangaren kuma tsoro ne kawai, ba admin ɗin da ke son a ce shi ya cire wani matakin tsaro in wani abu ya faru, kuma mai binciken ƙa'ida ya fi samun sauƙin duba an saita kwana 90 ko ba a saita ba fiye da duba ko ana lura da shigar da ba a saba gani ba.

Masu kare dokar suna da magana ɗaya mai nauyi kuma bai kamata a raina ta ba. Suna cewa ai sau da yawa ba a sanin an yi satar. An yi wa Yahoo kutse a 2013, sai a 2016 aka sanar, sai a 2017 aka ce ashe duk akawun biliyan 3 abin ya shafa. LinkedIn an sace bayanansa a 2012, a lokacin an ɗauka fasuwod miliyan 6.5 ne, sai a 2016 aka ga kusan miliyan 117 a kasuwa ana sayarwa. To wanda ke canzawa lokaci-lokaci ai ya tsira kenan ko bai sani ba. Akwai gaskiya a ciki. Amma ku duba yadda ɓarnar LinkedIn ta yaɗu: a 2016 aka shiga akawun ɗin Mark Zuckerberg na Twitter da Pinterest, waɗanda suka yi kutsen suka ce daga bayanan LinkedIn suka samo fasuwod ɗin. Abin da ya kayar da shi amfani da fasuwod ɗaya a wurare da yawa ne. Da kowane shafi da nasa, satar LinkedIn a LinkedIn za ta tsaya. Kuma dokar wa'adi ita ce ke ƙara tura mutane ga maimaita fasuwod ɗaya ko'ina, don wanda ake sa shi canji kullum ba zai iya riƙe guda goma daban-daban ba.

Inda na yarda canji na da amfani shi ne inda mutane da yawa ke raba fasuwod ɗaya, wanda a ofisoshinmu da shaguna da ƙungiyoyi abu ne ruwan dare: shafin Facebook na ƙungiya mutum shida sun san sirrinsa, kwamfutar kashiya kowa na shiga da suna ɗaya, wayfay ɗin ofis har wanda ya bar aiki shekara biyu yana da shi. Nan kam a canza, amma ranar da wani ya tafi za a canza, ba a jira kalanda ba. Haka ɗalibin da mai kafe ya buɗe masa imel ko ya yi masa rajistar jarrabawa ya zaɓa masa fasuwod, ranar ya kamata ya canza shi da hannunsa ya kuma duba lambar wayar wa aka saka a ciki.

Amma babbar ɓarnar wannan dokar a ganina ba kulle akawun ba ce, tarbiyyar da ta yi mana ce. Shekara da shekaru an koya wa mutane cewa saƙon "fasuwod ɗinka zai ƙare, danna nan ka sabunta" abu ne na yau da kullum, kuma in ba ka yi sauri ba za a rufe ka. 'Yan damfara sun gane haka sarai, shi ya sa saƙon ƙarya na ƙarewar wa'adi yana cikin tarkon da suka fi ɗanawa musamman ga masu imel na ofis. Za a turo maka imel da tambarin Microsoft ko na bankinka, wai yau wa'adi zai cika, har da maɓallin da ke cewa danna nan ka ci gaba da amfani da fasuwod ɗinka na yanzu, wanda shi ne ainihin abin da mai gajiya da canji yake son ji. Ka danna, shafi ya buɗe sak irin na gaske, ka rubuta fasuwod da hannunka ka miƙa musu. Kuma tangarɗar gaske tana taimaka musu, don mutumin da sistem ya saba yi masa shirme ba zai yi mamakin saƙon da ya zo ba kan ƙa'ida ba, zai ce ai sun sake ne. Wallahi wannan ne ke ba ni takaici, mutum yana ƙoƙarin bin doka ne aka cuce shi.

Maganin wannan ɗaya ne kuma ba ya buƙatar ilimin kwamfuta: kada ka taɓa canza fasuwod ta linkin da aka turo maka, ko ta imel ko tes ko WhatsApp. Rufe saƙon, ka buɗe manhajar da kanka ko ka rubuta adireshin shafin da hannunka, in da gaske wa'adi ya ƙare can ma zai gaya maka. Gmail da Facebook da WhatsApp na mutum ba sa ƙarewar wa'adi don kwanaki sun cika, duk saƙon da ya ce maka haka ƙarya ne. In kuwa tangarɗar gaske ce ta ofis ko makaranta, kada ka yi ta gwadawa har a kulle ka, tsaya a gwaji na biyu, ka duba agogo da kwanan watan na'urarka, ka tuna duk wata waya ko kwamfuta da tsohon fasuwod ke ciki ka sabunta ko ka fita daga akawun ɗin a can, ka goge wanda burauza ta ajiye, ka ɗan jira kamar kwata ɗin awa sabobin su daidaita. In za ka kira masu kula da sistem, lambar da ka sani tun da za ka kira ba wadda ke cikin saƙon ba, kuma ma'aikacin gaske ba zai tambaye ka fasuwod ko OTP ko lambar sirrin katinka ba.

Abin da ke tsare akawun da gaske kuwa, labarin Colonial Pipeline ya nuna shi. A Mayun 2021 kamfanin, mai bututun man da ke ciyar da gabashin Amurka, ya tsayar da aiki na kwanaki saboda kutse, gidajen mai suka ƙafe a jihohi da dama, suka biya kuɗin fansa kusan dala miliyan 4.4. Ta ina aka shiga? Ta wani tsohon akawun na shiga netwok daga nesa wanda ba a amfani da shi amma ba a rufe ba, kuma ba shi da mataki na biyu na tantancewa, wato ƙarin shaida kamar kod da ake nema bayan fasuwod. Shugaban kamfanin ya gaya wa majalisar dattawa cewa fasuwod ɗin mai sarƙaƙiya ne ba na wasa ba. Kaga sarƙaƙiya ba ta hana ba. Rufe akawun ɗin da ba a buƙata da saka mataki na biyu su ne za su hana.

A matakin mutum ɗaya abin bai da yawa. Imel ɗinka shi ne uwa, don ta nan ake risetin komai, shi za ka fara ba fasuwod mai tsawo wanda ba ka amfani da shi ko'ina. Tsawo ya fi cakuɗa, hukumar Birtaniya na ba da shawarar haɗa kalmomi uku da ba su da alaƙa da juna, kai ka ƙara ta huɗu ma, kuma da Hausa ya fi maka sauƙin riƙewa, sai dai kada ya zama karin magana ko baitin waƙa ko sunan 'ya'yanka da shekarar haihuwa ko lambar wayarka. Sauran akawun ka bar manhajar ajiye fasuwod ta riƙe maka, akwai a cikin wayar Android da iPhone kyauta, akwai irin su Bitwarden. Su ma ba ma'asumai ba ne, an yi wa LastPass kutse a 2022 aka kwashi rumbunan mutane a kulle, waɗanda babban fasuwod ɗinsu ke da rauni su suka fi shiga haɗari, amma duk da haka ya fi maimaita guda ɗaya a wuri ashirin nesa ba kusa ba. Dattijon da bai saba da manhaja ba kuma ya rubuta a ɗan littafi ya adana inda yake adana takardunsa masu muhimmanci, ɗan kutsen da ke wata ƙasa ba zai iya buɗe durowarsa ba. Shafin Have I Been Pwned da Troy Hunt ya buɗe a 2013 yana nuna maka kyauta ko imel ɗinka ya fito a cikin wata satar da aka sani, in ya fito to ga dalilin canji na gaske.

Sai mataki na biyu, kuma a nan akwai abin da ya shafe mu kai tsaye. Yawancinmu kod ta tes muke karɓa, ya fi babu, amma duk tsaron ya koma kan layin waya kenan. A Najeriya layin nan shi ke haɗe da BVN da NIN da manhajar banki da WhatsApp, in aka sace wayar da sim ɗin ba shi da lambar sirri, ko aka yi wa layin suwaf da yaudara, wato aka mayar da lambarka kan wani sim, ko ka bar layi ya daɗe ba amfani kamfani ya sake sayar da shi ga wani, to kod ɗinka wajen wani yake zuwa. Saka wa sim lambar sirri minti biyu ne. Cire tsohon layin da ka daina amfani da shi daga imel da Facebook da banki ya fi canza fasuwod sau goma amfani. WhatsApp na da tantancewa mai mataki biyu ta lamba shida da kai za ka zaɓa, ita ce ke tsayar da masu kiran nan da ke cewa za a saka ka a mitin na guruf ka karanto musu kod ɗin da ya shigo. Inda shafi ya yarda, manhajar da ke fitar da kod a cikin wayar kamar Google Authenticator ta fi tes. Sabon tsarin faski kuma, wanda Apple da Google da Microsoft suka sanar da goyon bayansa tare a Mayun 2022, yana cire fasuwod ɗin ne gaba ɗaya, ka shiga da yatsa ko fuska ko makullin allon wayarka, kuma ba ya aiki a shafin bogi ko da kai ka ruɗu, sai dai ka tabbatar ka san yadda za ka dawo da akawun in wayar ta ɓata tun kafin ta ɓata.

Ga 'yan uwa masu kula da sistem a makarantu da asibitoci da ma'aikatu, na san wani lokacin ba ku kuka kafa dokar ba, daga sama ta zo ko daga masu binciken ƙa'ida. Amma cire wa'adi kaɗai ba tare da an saka komai a gurbinsa ba shi ma kuskure ne, Microsoft da NIST ba haka suka ce ba. A fara kunna mataki na biyu, a saka jerin fasuwod da aka san sun fita ko sun yi sauƙi sistem ya riƙa ƙin karɓarsu, a rufe akawun ɗin duk wanda ya bar aiki a ranar da ya tafi, a riƙa duba shigar da ta zo daga inda ba a saba ba, sannan a kashe wa'adin. In kuma ƙa'ida ta ɗaure ku dole sai an yi, to aƙalla gargaɗin ya fito a cikin manhajar bayan mutum ya shiga, kada a tura shi ta imel da linki, kuma akawun ɗin da manhajoji ke amfani da su a rubuta ranar ƙarewarsu a inda mutum fiye da ɗaya zai gani.